Langar Gyaɗar da Aka Aiko Mini Ofis

Taipei, Taiwan
Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri zuwa gare ki, da Ummanki, da ƙannenki, da kakanninki na Kausani. Ki gaishe mini da mutanen layinmu na Sabon Garin Wudil, har da waɗanda suka daina tambayar lafiyata. Ni ina nan lafiya, sai ciwon gwiwa da ruwan saman garin nan da ba ya gajiya. Allah Ya sa takardar nan ta riske ki kafin ki rufe akwati.

Ummanki ta gaya mini an ɗauke ki aiki, an tura ki Legas, tashar jiragen ruwa, za ki riƙa duba abincin da ake shigowa da shi ƙasa. Alhamdu lillahi. Ban yi miki dogon zance a waya ba, domin a waya mutum yana iya yin tari ya sauya magana. Shekara goma sha biyar ke nan kina jin cewa maƙiya ne suka kori mahaifinki daga Wudil. Ni na bar ku a kan haka. Rabin gaskiya ne, kuma ba rabin da ya fi nauyi ba. Yau zan faɗa miki sauran. In kin gama karantawa kika ga girmana ya ragu a idonki, ba zan ce kin zalunce ni ba.

Abu biyu suka sa na ɗauki biro.

Na farko a nan ya faru. Kin san aikina, ana kawo mana shinkafa da ganyen shayi da man girki mu gwada mu rubuta abin da muka gani. Kwanakin baya ƙasar nan ta rikice a kan gurɓataccen man girki da ya shiga kasuwa, har abin ya kai an sauya ministan lafiya. Wanda aka naɗa ba likita ba ne. Masanin kimiyyar abinci ne, irinmu ni da ke, malamin jami'a da ya yi shekaru tsakanin aji da ɗakin gwaji kafin a fara ba shi shugabanci, mataki bayan mataki, har zuwa wannan kujera. Ban san shi ba, a talabijin kawai na gan shi. Ranar da aka sanar, wurin aikinmu sai murna. Madam Lin, wadda muke teburi ɗaya da ita, ta dube ni ta ce, "Habu, yau namu ya hau, kai kuma ka ɓata rai kamar an ba ka awararmu mai wari." Na ce mata addu'a nake yi masa. Ta ce, "Da wannan fuskar? To kar ka yi mini irinta." Ban iya gaya mata ba cewa ni ma an taɓa ɗauko ni daga ɗakin gwaji an ɗora ni a kujera, ko da yake tawa in an ajiye ta kusa da tasa 'yar tsugunno ce.

Na biyu kuwa ke ce. Ummanki ta kira ni, ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Ka ji abin da 'yarka ta yi?" Na san in kin yi abin kirki 'yarta ce ke, in kin yi ɓarna tawa ce, sai na gyara zama. Ta ce ta raka ki Kausani yi wa kakanki Alhaji sallama, kika tarar ana lodin gyaɗa a sitonsa, kika karɓi ƙarfen soke buhu a hannun masu lodi kika ce, "Tsoho, yau sai na ga abin da kake ɓoyewa a ƙasa." Shi kuma yana dariya wai, "Amarya, tun ba a kai ki ɗaki ba kin fara binciken rumbuna?" Kika sa aka sauke buhunan sama, kika soki na ƙasa, gyaɗa ta fito a yamutse da fumfuna kore-kore. Kika shinshina kika ce ko akuya ba za a ba wa wannan ba. Kawunki Sale ya yi ta faɗa wai karatun boko ya cire miki kunya.

Ummanki tana ba ni labarin ne don in tsawatar miki. Ni kuwa sai na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji. Har sai da ta ce, "Kana ji na kuwa?" Akwai ƙarashen labarin, zan zo gare shi. Bari ki fara jin nawa.

Shekarar da sojoji suka koma bariki kina aji uku na firamare, ba za ki tuna yadda garin ya kasance ba. Ran Juma'a a kasuwar Wudil mutane suna zagin gwamnati da ƙarfi ba tare da sun waiga ba, don daɗin abin kawai. Ni a lokacin na fi shekara goma ina gwajin gyaɗa da hatsi a wani ɗakin gwaji a Kano, kullum in ƙetare gada da safe in dawo da yamma. 'Yan kasuwa sun san ni da ƙarfena a hannu, har suna ce mini Malam Mai Soke. Sababbin shugabannin farar hula suka ce masu ilimi suke so. Aka kafa wani ƙaramin kwamiti na duba abincin da ake kai wa makarantun kwana na yankinmu, aka ce ni ne shugaba. Aka ba ni mota da direba da ofis mai kafet.

Kuskurena na farko bai yi kama da kuskure ba. Na daina zuwa. Wata uku ba su cika ba na koma mutumin da ake kawo wa fayil. Ma'aikatana su je sito su ɗebo, ni in sa hannu. Na daɗe a nan ina rantsuwa cewa ilimi da kujera ba sa haɗuwa, duk masanin da ya karɓi muƙami ya gama yawo. Da na ga mutumin nan a talabijin sai na gane ɗaci ne yake magana, ba adalci ba. Gara a ce wanda ke zaune a kujerar ya san warin lalataccen mai da hancinsa. Saboda haka in wata rana an miƙo miki kujera, ban ce ki ƙi ba. Amma ki ware rana ɗaya a mako da takalminki zai yi datti, kuma kada ki bari sakatare ya san wace rana ce.

Yanzu ga babban.

Kakanki yana kai wa wata makarantar kwana ta 'yan mata gyaɗar kunu tun kafin in auri Ummanki. Ba ni na ba shi kwangilar ba, kowa ya shaida. Dokar kwamitinmu kuwa, da hannuna na rubuta ta: duk mai kai abinci sai an shiga sitonsa an ɗebi samfuri daga sama, da tsakiya, da ƙasa. Da layi ya zo kansa sai ma'aikatana suka tsaya suna sosa ƙeya. Babbansu ya ce, "Ranka ya daɗe, siton surukinka ne fa. Wa zai shiga?" Na ce ni zan je da kaina. Har na ji daɗin kaina da na faɗi haka.

Na je Kausani. Ƙarfen yana kujerar baya na mota. Na fito na bar shi a ciki, wai sai an gaisa tukuna. Na cire takalmi tun daga ƙofar zaure, na durƙusa, kaina a ƙasa. Aka gaisa, aka tambayi gajiya, aka tambayi iyali, aka sake gaisawa. Sai ya ce, "An ce yanzu kai ne mai duba mu."

Na ce, "Allah Ya ƙara maka lafiya, aiki ne aka ɗora mana."

Ya ce, "Madalla. Ba sai ka wahala ba, za a aiko maka."

Uwata, mutumin da ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa faɗar sunansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. Ta yaya zan miƙe in ce a buɗe mini sito, in sa a rushe masa lodi, in riƙa soka wa buhunansa ƙarfe a gaban 'ya'yansa kamar na kama ɓarawo? Na ce, "To, Baba." Na ja da baya na ɗauki takalmina.

Washegari aka kawo mini langa ofis, sabuwa fil, an ɗaure ta da farin ƙyalle. Ina so ki fahimci wannan da kyau, don kada ki ɗora wa kakarki abin da ba nata ba. Hajiya Asabe ta zauna ne a tabarma da faifai ta tsince gyaɗar nan ƙwaya-ƙwaya. Ba don ta yaudare ni ba. An ce za a kai wa suruki, shi kuwa suruki ba a aika masa da yamutsattsiyar gyaɗa. Mutunci ta yi mini. Ni ne mai ilimin da ya san abin da samfuri yake nufi, ba ita ba. Ina buɗe langar na gane, domin babu buhun da ke da gyaɗa irin wannan a duniya, duk girmansu ɗaya kamar carbi. Na gane, kuma na kai ta ɗakin gwaji, na niƙa, na bi duk ƙa'ida, na sa a ƙarƙashin fitilar da ke nuna gubar fumfuna. Ba abin da ya haska. Yaya za a yi ya haska? Na sa hannu, na buga hatimi.

Abin da ban gani ba shi ne, a ƙarshen daminar nan lema ta ratsa daɓen siton, buhunan ƙasa kuma ba a kan katako suke ba. Da aka ga sun yi fumfuna sai aka yi abin da kowa yake yi, aka shanya kwana biyu, aka sheƙe, aka mayar buhu. A wurinsu rana ta wanke ta. Ni da ke mun san wannan guba rana ba ta kashe ta, tafasa ma ba ta kashe ta.

Samfurin da aka kawo miki ba samfuri ba ne, kyauta ce, ko da mai tsoron Allah ne ya aiko. Ki ci kayanki in kina so, amma kada ki gwada shi. Abin da hannunki bai ɗebo ba, ko idonki bai ga an ɗebo ba, kada sunanki ya hau kansa. In kuma kika ga kayan na wanda ba za ki iya tsayawa a gabansa ba ne, ki faɗa tun farko, a rubuce, a turo wani wanda bai san shi ba. Da na roƙi a aiko baƙo daga wani yanki, da ya shiga siton nan ya soke abinsa ya sha fura ya tafi, ba wanda zai ji haushi. Girman kai ne ya hana ni. Ina so a ce Habu ba ya jin tsoron kowa.

Bayan 'yan makonni shugabar makarantar ta zo ofis da kanta, ko mayafinta ba ta gyara ba. Ta ce yara suna amai, idanunsu sun yi rawaya, masu girki kuma sun ce kunun yana ɗaci. Kin san abin da na yi? Na jawo fayil na nuna mata sa hannuna. Na ce, "Hajiya, ga sakamako nan, gyaɗar lafiyarta ƙalau."

Ta ce, "Malam, ni ba takarda nake dama musu ba."

Kwana uku ina tura mutane su gwada ruwan rijiyar makarantar, saboda ina so a ce rijiya ce. Kwana ukun nan ana ci gaba da dama kunu kowace safiya. A rana ta uku na je da kaina na soki buhu a ɗakin girki. Ban ma buƙaci fitila ba. Kafin nan an kwantar da yara da dama a asibiti. Allah Ya tashi kafaɗun sauran. Ɗaya ba ta tashi ba. Sunanta Rabi, 'yar Malam Idi, wani manomi a Achika, shekararta goma sha uku. Wannan ne karo na farko da na rubuta sunanta.

Langar ina iya cewa kunya ce. Kwana ukun nan ba ni da sunan da zan ba su sai son kai. Duk ranar da mai girki ta ce abu yana ɗaci, takardarki kuma ta ce lafiya, ki fara dakatar da abincin, sannan ki zauna ki yi musu da ita. In ke ce da gaskiya, asarar kwana ɗaya aka yi.

Manya suka kira ni. Waɗanda suka yi ta yabona ranar ƙaddamar da kwamiti, ran nan ko kujera ba su nuna mini ba. Suka ce gwamnati ko shekara ba ta yi ba, kada a ba masu kewar soja abin faɗa. Za a rubuta cewa ciwon shawara ne ya ɓulla a makarantar, ni kuma in sauka a ce na tafi ƙaro ilimi. Har yau in na tuna fuskokinsu bakina yana ɗaci. Ba yarinyar ce ta dame su ba, ba ni ba ne, jarida ce. Amma in zan yi adalci, ba wanda ya riƙe mini hannu. Daɗi na ji. Na ce wa kaina ina rufa wa tsoho asiri, ina kare Ummanki daga bakin mutane. Kaina na fi karewa. Na kama hanyar Achika zan yi ta'aziyya, da muka kai mararraba na ce wa direba ya juya. Karatun wata tara aka samo mini a ƙasar nan, ga shi ya zama shekara goma sha biyar. Sau biyu na zo gida, duka biyun a Kano na sauka kuka zo kuka same ni. Kin tuna a zuwa na biyu kin ce, "Abba, wai me gadar Wudil ta yi maka?" Na ce ayyuka ne suka yi yawa. Kika dube ni irin kallon da mahaifiyata take yi mini, mai sunanki, in na ce ban ga ragowar nama ba.

Mutum yana iya yin kuskure ya ci gaba da zama a garinsu. Abin da ke korar mutum shi ne ɓoyewa. In kika yi naki, kuma za ki yi, domin aikin nan ba ya barin kowa, ki faɗa ranar da kika gane, da bakinki, kafin a shirya miki abin da za ki faɗa.

To, ga ƙarashen labarin da Ummanki ta ba ni, wanda ke ba ki ji duka ba don kin fita wanke hannu. Ta ce da kawunki ya gama faɗa, sai tsoho ya matsa kusa da buhun. Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya fasa, ya kai ta kusa da ido ya daɗe yana kallo. Kin tuna ya tambaye ki, "Amarya, wannan yana kisa?" kika ce, "Yana kisa, Tsoho, yara ma ya fi kamawa." Bayan kin fita ya sa aka ware buhunan ƙasa duka ya ce a ƙone su, ko dabba kada a ba. Sannan ya kira Ummanki ɗaki ya ce mata, "Ran da mijinki ya zo, na ga ƙarfen a motarsa. Na san abin da ya kawo shi, na riga shi magana don kada ya fito da shi. Shekarun nan duka ina cewa shawara ce, don haka aka rubuta. Ki ce masa ya dawo tun ina da ƙafa, mu je Achika tare."

Ummanki ta faɗa mini wannan a ƙarshe, muryarta ƙasa-ƙasa, ta ce ba ta gane me yake nufi ba. Ina jin ta gane. Ta daɗe da ganewa, ba ta dai taɓa tambayata ba, Allah Ya saka mata da alheri.

Abin da na kasa da gemuna da digirina, kin yi shi kina dariya. Amma kada ki ruɗu, Uwata. Kakanki ne, abokin wasanki, al'ada ce ta buɗe miki ƙofar siton nan kamar yadda ta rufe mini ita. A Legas ba za ki sami abokin wasa ba. Za ki gamu da wanda za ki ji nauyinsa: wanda ya sa baki aka ɗauke ki aiki, ko wani dattijo mai farin gemu da zai ji Hausarki ya ce, "Af, 'yar Wudil ce? Ai na san kakanki," ya kira ki 'yata, ya ce ba sai kin wahala ba, za a kawo miki ofis. Mai yiwuwa ma mutumin kirki ne. Ban ce ki zubar da tarbiyya ba. Ki rusuna, ki gaishe shi yadda aka koya miki, ki tambayi iyali da gajiya. In an gama ki ce, "Baba, a buɗe mini kwantenar, daga can ƙarshe zan ɗiba." Ana iya haɗa biyun. Ni ne ban sani ba.

Ƙarfena yana nan a kan sif ɗin ɗakin Ummanki, a naɗe cikin tsohon buhu. Ki sauko da shi, ki goge tsatsar da toka da lemon tsami, ki tafi da shi. Na san za su ba ki nasu na zamani. Ki dai ajiye shi inda za ki riƙa ganinsa.

Yau a masallaci na yi wa ministan nan addu'a, ta gaske wannan karon, ko da yake addininmu ba ɗaya ba ne, Allah Ya ba shi masu faɗa masa gaskiya, Ya hana a riƙa tsince masa gyaɗa kafin ta iso teburinsa. Daga nan na wuce na yanki tikiti. Ba zan riske ki ba, kin riga kin kama aiki kafin in sauka. Ban san abin da Malam Idi zai ce mana ba. In ya kore mu haƙƙinsa ne, in ya kai ƙara haƙƙinsa ne. Amma zai ji abin da ya kashe 'yarsa daga bakin wanda ya sa hannu. Tun da na yanke wannan shawara nake cin abinci ina jin ɗanɗanonsa.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya haɗa ki da abokan aiki nagari, Ya kare ki daga sharrin mai sharri da kuma alherin da zai rufe miki ido. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki riƙa kiran Ummanki ko ba ki da abin faɗa. Allah Ya jiƙan Rabi, Ya ba iyayenta haƙuri. Allah Ya yi miki albarka.

In kin sami hutun farko kika taho, kada ki tsaya nemana a Kano. Ki ƙetaro gada.

Mahaifinki,
Habu